Yadda mace za ta zaɓi jakar goyo ta tattaki da hawan dutse wadda ba za ta ci mata kafaɗa ba

Idan mace ta sauko daga dutse kafaɗunta na zugi, wuya ya sage, yatsun hannu sun mutu, abin da ake fara cewa shi ne ta cika kaya. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa laifin jakar ne: an yanka ta ne a kan bayan wani, galibi namiji mai dogon gadon baya da faɗin kafaɗa, sai aka ɗora wa wadda ba haka Allah ya yi ta ba.

Abin da za ki riƙe tun kafin ki shiga shago shi ne, jakar tattaki da ƙugu ake ɗaukar ta. Duk wadda ta iya goyo ta san wannan: yaro a saman ƙugu yake zama, majanyi ya tokare shi ta ƙasa, shi ya sa uwa ke wuni da shi tana aiki. Ranar da goyon ya zame ya rataya, nan take ƙirji da baya za su gaya mata. Jakar da aka ƙera da kyau tana da ƙarfe ko allon roba a ciki wanda ke sauke nauyin kan bel ɗin ƙugu, har masu sana'ar kan ce wajen kashi 80 cikin 100 na nauyin can ya kamata ya sauka. Aikin igiyoyin kafaɗa kawai su hana jakar faɗuwa ta baya. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta kai nauyin ƙugu.

Mataki na 1: Ina za ki, kwana nawa?

Da lita ake auna cikin jaka, kuma lambar da ke jikin sunanta ita ce litar. Idan fita ce ta safe a dawo da yamma, irin wadda ake yi ranar Asabar a duwatsun gefen Abuja ko Kufena a Zariya ko duwatsun Shere na Jos, lita 18 zuwa 30 ta isa. Kwana ɗaya zuwa uku, lita 35 zuwa 50. Idan tafiya ce ta kwanaki da tanti da tukunya, kamar hawan Chappal Waddi a gandun dajin Gashaka-Gumti na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya da mita 2,419, sai a tashi daga lita 50 zuwa 65.

Tsawon dutse ba shi ke yanke girman jaka ba. Mai hawa Kilimanjaro a Tanzaniya, mita 5,895, 'yan dako ne ke ɗaukar mata babban kaya, ita kuwa lita 25 zuwa 35 take goyawa don ruwa da rigar sanyi da abin taɓawa. Ki fara tambayar masu shirya tafiyar wa zai ɗauki me.

Kada ki ce bari in sayi babba don wata rana. Jaka in ta samu wuri sai an cika ta. Ƙa'idar da aka saba bi: kayan kwanaki kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinki, na wuni guda kuma kashi 10. Mai kilo 60 ke nan kilo 12 ne iyakarta, har da nauyin jakar kanta da ruwa. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya ce cif.

Mataki na 2: Auna gadon bayanki

Nan ne gaba ɗaya maganar take, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Tsawonki a tsaye ba ya gaya miki komai. Mata biyu za su yi kai ɗaya, ɗaya ƙafafunta ne dogaye bayanta gajere, ɗayar kuma akasin haka. Jakar da ta zauna wa wannan za ta azabtar da waccan.

Ki nemi tef ɗin tela mai lanƙwasa, da wata 'yar'uwa da za ta auna ki, domin mutum ba ya auna bayansa daidai.

Ki tsaya ba takalmi, ki sunkuyar da kai gaba. Ki shafa bayan wuyanki zuwa ƙasa, za ki ji wani ƙashi ya turo fiye da sauran, daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗu. Nan ne farkon awo. Ta ɗora yatsa a kai, ke kuma ki ɗago kai ki miƙe.

Sai ki riƙe ƙugu: ki zuro hannayenki daga haƙarƙari zuwa ƙasa ta gefe biyu har su tsaya a kan saman ƙashin ƙugu, wannan da yake kamar kanta. Manyan yatsunki su kalli baya, suna nuna juna. Mai jiki sai ta danna sosai kafin ta ji ƙashin. Ki danna, kada ki tsaya a inda siket ko zani ke ɗaurewa, domin ba lallai nan ne ba. Layin da ya haɗa manyan yatsun nan biyu, inda ya ratsa ƙashin baya, shi ne ƙarshen awo.

Ta ja tef daga ƙashin wuyan zuwa wannan layi, tana bin lanƙwasar baya. A maimaita a gani ko awon ya dawo ɗaya. A ƙiyasi, inci 15 zuwa ƙasa mafi ƙanƙanta ce, XS; inci 16 zuwa 17 ƙarama, S; 18 zuwa 19 matsakaiciya, M; 20 zuwa sama babba, L. A santimita, inci 16 wajen 41 ne, inci 18 wajen 46. Na ce ƙiyasi ne domin kowane kamfani da nasa jadawalin, S ɗin wannan na iya zama M ɗin wancan. Lambar awonki za ki riƙe, ki duba ta a jadawalin kamfanin da za ki saya. Kuma wannan S da M ba su da alaƙa da na rigarki: mace mai ƙiba sosai na iya zama XS a gadon baya.

Yawancin jakunkuna masu kyau yanzu ana iya ɗaga mazaunin igiyoyin kafaɗa ko a sauke shi. Wasu da abin mannewa da ake ɓarewa a sake liƙawa, wasu da jerin madaukai kamar tsani a bayan jakar. Idan awonki ya faɗo tsakanin girma biyu, ko kuna son ku riƙa aron jakar ke da ƙanwarki, irin wannan za ki nema.

Mataki na 3: Auna ƙugu

Ki zagaya tef a kan saman ƙashin ƙugun nan da kika taɓa, ba a siririn ciki ba, ba kuma a mafi faɗin mazaunai ba. Wannan ne awon bel. Abin dubawa a bel shi ne sosonsa: ya zagayo daga baya ya rufe ƙasusuwan ƙugu na gaba, amma bakunansa biyu kada su haɗu a cibiya. Idan suka haɗu, ba sauran wurin ƙara ɗaurewa, alhali bayan kwana biyu a hanya ciki kan faɗa. Idan kuma soson ya tsaya a gefe bai iso gaba ba, zallar igiya ce za ta riƙa yankar ki.

Siraran mata su ne suka fi faɗawa a matsalar farko, masu jiki a ta biyu. Akwai jakunkunan da ake zaro soson bel ɗinsu a ƙara masa tsawo, akwai kuma waɗanda ake cire bel ɗin gaba ɗaya a sa wani. Kamfanonin jaka na Gregory da Osprey duk suna yin wasu samfura musamman don masu jiki, da dogon bel da doguwar igiyar kafaɗa.

Mataki na 4: Me ya sa ake ce mata jakar mata?

Ba launi ba ne, ko da yake wasu ƙananan kamfanoni iyakar abin da suke yi ke nan: su rina ta maza ruwan hoda su ƙara kuɗi. Ta mata ta gaskiya abu uku ne ya bambanta ta.

Bayanta ya fi gajarta. Igiyoyin kafaɗa sun fi kusa da juna a sama, sun fi siranta, kuma an lanƙwasa su yadda za su kauce wa ƙirji su bi ta gefensa maimakon su danne shi. Bel ɗin kuma an yanka shi da ɗan buɗewa ta ƙasa, domin ƙugun mace yana faɗaɗa ne yana sauka. Bel miƙaƙƙe zai kama ta ƙasa ya bar rami ta sama, ko ya riƙa hawa ciki.

Manyan kamfanoni kan fitar da samfur ɗaya da suna biyu. A Osprey na Amurka, Aura ita ce ta mata, Atmos ta maza. Haka Ariel da Aether, kullum ta mata ce a farko. Tempest da Talon, waɗannan na fitar wuni ne. A Gregory, Deva da Baltoro, Jade da Zulu. Deuter na Jamus kan sa harufan SL a ƙarshen suna, tsofaffinsu ma da ɗan fure ruwan ɗorawa suke zuwa. Lowe Alpine kan sa ND. Sanin waɗannan na da amfani musamman a kasuwar gwanjo, inda mai kaya bai san ko ta wa ce ba.

Amma tambarin ba doka ba ne. Doguwar mace mai faɗin kafaɗa da madaidaicin ƙugu na iya samun ta maza ta fi zauna mata, kuma ba abin kunya a ciki. Ki gwada duka biyun in akwai, jikinki ne zai yanke hukunci.

Mataki na 5: Gwada ta da kaya a ciki

Jaka ba kaya ba ta da laifi, kowace daɗi gare ta. Sai an loda mata nauyi halinta ke fitowa. Shagunan ƙasashen waje suna da buhunan yashi don haka. A nan gida, ledar fiya wata ta wadatar: ƙulli ɗaya galibi rabin lita ne, wato rabin kilo, leda mai 20 kilo 10 ke nan. Babbar jaka ki zuba mata kilo 8 zuwa 10, ƙarama 4 zuwa 5. Ki fara cusa zannuwa ko filo a ƙasa don kada ruwan ya taru a gindi, ki jera shi ta jikin baya.

Yanzu sai ɗauri, kuma jerin yana da muhimmanci.

Da farko ki sassauta kowace igiya. Ki kama madaukin sama ki ɗora jakar a kan cinyarki, ki zura hannu ɗaya, ki juyo da ita baya, ki zura ɗayan. Kada ki fizgo ta daga ƙasa da igiya ɗaya.

Bel ne farko. Ki ɗan ranƙwafa, ki ɗaga kafaɗu jakar ta hau sama, ki ɗaura bel yadda saman ƙashin ƙugunki zai shige cikin soson, bakin soson na sama ya ɗara ƙashin da kamar inci ɗaya. Ki ja sosai, amma ba har numfashi ya yi wuya ba. Ki miƙe ki saki kafaɗu. Tun a nan ya kamata ki ji nauyin ya zauna a ƙugu ya bi ƙafafu.

Sai igiyoyin kafaɗa. Ki ja bakunansu ƙasa da baya har su kwanta a jiki, ki tsaya nan. Wannan ne wurin da hannu ke son ya ƙara ja, kuma da kin ƙara, kin ɗauke kayan daga ƙugu kin mayar wuya. Ki tsaya gefe a gaban madubi, ko a ɗauke ki hoto ta gefe da waya. Igiyar ta zagaye kafaɗa ba rami, ta shiga jikin jakar inci 1 zuwa 2 ƙasa da saman kafaɗarki. Idan kin ga sarari tsakanin igiya da kafaɗa har hannu na shiga, jakar ta yi miki tsawo. Idan kuma igiyar ta gangara can tsakiyar baya kafin ta haɗu da jaka, ta yi miki gajarta, kuma duk yadda kika ɗaure bel kafaɗa ce za ta sha kayan.

Na uku, akwai wasu 'yan igiyoyi biyu da suka taso daga saman kafaɗa suka hau zuwa kan jakar, kusa da kunnenki. Mutane da yawa ba su taɓa taɓa su ba. Aikinsu su jawo kan jakar kusa da ke don kada ta riƙa rinjayar ki baya. Ki ja su a hankali. A babbar jaka ana so su tashi a karkace, wajen digiri 45, wato rabin tsakanin kwance da tsaye. Idan sun kwanta shamal ko suna kallon ƙasa, jakar ta yi gajarta. Idan sun miƙe kusan tsaye, ta yi tsawo. A ƙaramar jakar wuni kada ki damu da wannan lissafi, wasu ma ba su da igiyoyin.

Na ƙarshe igiyar ƙirji, wadda ke haɗa na kafaɗa biyu. Tana zamewa sama da ƙasa. Ki kai ta kamar inci ɗaya ƙasa da ƙashin wuya na gaba, wanda ya gitta zuwa kafaɗa, a saman ƙirji, ba a kansa ba. Ki ɗaure daidai yadda hannuwa za su yi lilo ba tare da igiya ta goge hammata ba. Idan kin tura ta iyakar sama amma har yanzu tana danne ki, wannan jakar ba taki ba ce, komai kyanta. Mai shayarwa ta fi kowa buƙatar kula da nan.

Daga nan ki yi tafiya da ita minti 15 zuwa 20, ko mai shago na ta kallon agogo. Ki hau bene ki sauko, ki tsuguna, ki sunkuya kamar za ki ɗaure takalmi, ki ɗaga kai ki kalli sama. Idan ƙeyarki na bugun murfin jakar, a hawan dutse kullum kanki a sunkuye zai kasance. Ki lura ko bel na zamewa ƙasa, ko igiya na cin gefen wuya, ko hannu ya fara mutuwa. Ɗan abin da kika ji a minti 20 zai zama gyambo a awa shida. Kada ki yarda da "za ta saki in an saba". Soso yana laushi kaɗan, amma tsawon baya ba ya canjawa. Wadda aka taɓa yi wa aiki a ciki ta duba inda maɓallin bel ke sauka, kada ya zauna a kan tabon.

Mataki na 6: Ki gwada da kayan da za ki sa a dutsen

Rigar mama mai ɗan ƙarfe ko roba a igiyarta, idan ya faɗo ƙarƙashin igiyar jaka, zai huda fata a hankali. Ta motsa jiki mai faɗin hannu marar ƙarfe ta fi. Haka ƙullin zani, ko kaurin ɗinkin wando, ko mazagi mai ƙulli: duk abin da ya shiga ƙarƙashin bel sai kin ji shi.

Dogon hijabi in aka goya jaka a kansa, igiyoyin kan danne shi, duk juyawar kai sai ya ja ki ta goshi ko ta haɓa. Dabarar ita ce bayan kin goya, kafin ki ɗaure igiyar ƙirji, ki jawo yadin sama ta wuya da kafaɗu ki ba shi sarari. Wasu sun fi son madaidaicin hijabi da za a fito da shi ta gaba ya sauka a kan igiyoyin ya rufe ƙirji, a haɗa da doguwar riga mai faɗi da wando. Wannan ya fi sauƙi, kuma yana maganin yadda igiyar ƙirji ke fito da surar jiki. Yadi mai santsi kuwa yana sa bel zamewa. Allurar ɗaura mayafi a kafaɗa, a bar ta a gida.

Mataki na 7: Zafi, aljihu da sauran tarkace

A ƙasa mai zafi bayan jaka abin dubawa ne. Iri biyu ne. Akwai mai raga da aka ɗame, ta bar sarari tsakanin bayanki da jakar iska na ratsawa. Deuter ne ya fito da irin wannan a 1984, yanzu kusan kowa na yi. Akwai kuma mai soso da ke manne da baya, da 'yan hanyoyin iska. Mai raga ta fi sanyi, amma tana ɗan nisanta kayan daga jiki kuma cikinta a lanƙwashe yake, ba ya cin kaya sosai. A ra'ayina, fitar wuni a bazara mai raga ce. Kaya masu nauyi ko hawan da ake kama dutse da hannu, mai manne wa baya ta fi tsayawa. Gumi dai ko da wacce sai kin yi.

Ki gwada zaro gorar ruwa daga aljihun gefe jakar na bayanki. In hannu bai kai ba, za ki riƙa jinkirta shan ruwa. Aljihun bel ya ci wayarki. Yawancin jakunkunan nan ba sa hana ruwan sama shiga ta ɗinki da zif, don haka ki duba ko tana da rigar ruwanta a ɗan aljihun ƙasa. In babu, babbar leda mai kauri a ciki ta wadatar. Jakar da ta cika igiyoyi da aljihuna ba dalili nauyi kawai take ƙarawa. Babbar jaka mai ƙarfe sosai takan kai kilo 2 ba komai a ciki, marasa nauyi kuma wajen kilo 1, sai dai su ba sa jure kaya masu yawa.

Mataki na 8: In gwanjo ce, ko ta intanet

Sababbin na manyan kamfanoni suna da tsada, kuma ana samun na asali a gwanjo, a irin su Ƙofar Wambai a Kano ko Katako a Jos, in an yi sa'ar dila. Ki matsa soson bel da na kafaɗa: in ya lotsa bai taso ba, ya mutu, kuma shi ba a gyara shi. Ki leƙa ciki ki sansana. In rufin cikin yana ɓarewa ko yana danƙo da wari, ta tsufa. Ki shafa ƙarfen baya ki ji ko ya karye ko ya karkace. Ki ja ɗinkin da ya haɗa igiyar kafaɗa da jaka da ƙarfi. Zif da maɓalli kuwa ƙaramin abu ne, mai gyaran jaka zai canja, sai dai ki rage kuɗi da su. Girman bayan yakan kasance a rubuce a jikin igiyar kafaɗa ko a wata 'yar takarda a ciki. Jabu ma sun yi yawa: tambari babba, bel kuwa kamar kwali, ciki ba ƙarfe.

Ta intanet, kada ki biya sai kin ga jadawalin awo kuma kin tabbatar ana karɓar mayarwa. In ta iso, kada ki cire takardunta. Ki loda ta ki yi duk gwajin mataki na 5 a tsakar gida tukuna.

Mataki na 9: Lodi da gyara a hanya

Jaka mai kyau ma in aka loda ta ba tsari sai ta koma marar kyau. Kaya marasa nauyi masu cin wuri, bargo da kayan barci, a ƙasa. Masu nauyi, ruwa da abinci da tukunya, a tsakiya, manne da bayanki, tsakanin ƙugu da allon kafaɗa. Tufafi su tokare su ta waje don kada su yi motsi. Rigar ruwa, magani, tocila da audugar mata a sama inda hannu zai kai. Gefe biyu su yi nauyi ɗaya, sannan ki ja igiyoyin gefe su matse kayan. Kada ki rataya buta ko takalmi a waje suna lilo.

A hanya ɗaurin safe ba ya kaiwa yamma. Igiya na saki, ruwa na raguwa, jiki na gajiya. In kafaɗa ta fara zafi, ki ɗaga jakar ki ƙara matse bel, ki sassauta na kafaɗa kaɗan. In ƙugu ne ya gaji, ki mayar wa kafaɗa ɗan nauyi na wani lokaci. A gangara ki matse na kafaɗa da na saman nan biyu don kada kayan su riƙa tura ki gaba. A hawa ki ɗan saki na saman domin ki samu ɗaga kai. Duk inda aka tsaya hutawa, ki sauke ta, ki duba ƙugu da gefen hammata, wurin da ya yi ja ki manna masa filasta kafin fatar ta sale.